Ɗana ya ce ya daina ƙwallo, wai Allah bai amsa addu'arsa ba

Tambaya:

Ina da ɗa mai shekara 12, yana buga ƙwallon ƙafa a ƙungiyar yara 'yan ƙasa da shekara 13. Bara kusan kowane wasa da shi ake farawa a tsakiya. Bana aka canza koci, aka kuma kawo wasu yara da suka fi shi jiki, sai ya koma benci. Wani lokaci a saka shi saura minti goma a tashi, wani lokaci ko fili ba ya takawa. A wasan da ya wuce an saka shi, ya ba da fasin ta faɗa ƙafar abokin hamayya aka ci su, abokansa suka yi masa ca. Yana kuma kukan ciwo a ƙasan gwiwa, amma ni ina ganin dabarar gudun atisaye ce. Na karanta masa Filibiyawa 4:13, ayar da ta ce mai bi zai iya komai ta wurin Almasihu, na ce masa mai bi ba ya ja da baya. Sai ya ce ai ya yi ta addu'a a riƙa saka shi, Allah bai amsa ba, don haka shi ya daina. Mahaifiyarsa ta ce a ƙyale shi. Ni kuma ina tsoron in ya saba gudu tun yanzu, haka zai riƙa guje wa kowace wahala. Saura mako takwas kakar wasan ta ƙare. Yaya zan koya masa jimiri ba tare da na karya masa zuciya ba?

Wani uba

Amsa:

Ɗan'uwa, alheri da salama su tabbata a gare ka da iyalinka. Tsoronka yana kan hanya, maganar mahaifiyar yaron ma ba ta yar ba ce. Amma kafin a kai ga aya ko nasiha, da gwiwar za mu fara, don a nan muke ganin ka fi kusa da yin kuskure.

Yaro ɗan shekara 12 mai yawan gudu da bugun ƙwallo, in ya ce ƙasan gwiwarsa na ciwo, sau da yawa gaskiya yake faɗa. Akwai ciwon da likitoci ke kira Osgood-Schlatter, wanda ya fi kama maza daga shekara 12 zuwa 15, mata kuwa yakan zo musu da wuri kaɗan. Girma ke kawo shi. Ƙashi yana tsawo da sauri, naman gaban cinya bai gama biyo shi ba, sai jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa ta riƙa fizgar inda ta manne a saman ƙashin ƙwauri, wurin kuwa bai gama ƙwari ba. Ka zaunar da shi ya miƙe ƙafar, ka auna yatsa biyu ko uku ƙasa da ƙoƙon gwiwa, za ka ji ɗan tudun ƙashi. Danna da babban yatsa a hankali. In ya zabura, ko ka ga tudun ya fi na ɗaya ƙafar tasowa, to ba ƙarya yake yi ba. Tambaye shi ko ciwon na ƙaruwa in ya yi tsalle ko ya durƙusa, yana kuma lafawa in ya huta.

Ka kai shi wurin likita cikin makon nan a tabbatar. Yawanci ba a hana yaro wasa gaba ɗaya, rage masa aiki ake yi. Koya masa ya riƙa ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. In bai wuce 2 ko 3 ba, kuma kafin gari ya waye ya lafa, zai iya ci gaba. In ya fara ɗingishi, ya fito. Bayan atisaye a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 15, ya kuma riƙa miƙa naman gaba da na bayan cinya, daƙiƙa 30 sau uku a kowace ƙafa. Kada a ba shi maganin kashe zafi kafin wasa don ya samu ya buga, domin zafin ne ke gaya masa inda ya kamata ya tsaya. Ciwon yakan yi watanni yana tafiya yana dawowa, yakan kuma bari in girma ya tsaya. Amma in gwiwar kanta ta kumbura, ko ciwo na tashinsa daga barci, ko akwai zazzaɓi, ko ya kasa taka ƙafar, wannan ba na jira ba ne. Ka roƙi likitan ya duba gaɓar kwankwaso ma, don a wannan shekarun matsalar da ke can takan bayyana kamar ciwon gwiwa.

Abin da ya sa muka daɗe a nan: yaron da ya ce wa ubansa yana jin ciwo aka ƙaryata shi, ɓoye ciwo zai koya, kuma zai ɗauka shi ne jimiri. Ran da ya bugu a kai yana jin jiri ko tashin zuciya, shiru zai yi ya ci gaba da wasa, alhali ƙa'idar bugun kai ita ce a fitar da yaro nan take, kada ya koma fili a ranar, sai likita ya yarda. In bincike ya nuna ciwon gaskiya ne, ka ce masa kai tsaye, “Na yi zaton ƙarya kake, ka yafe mini.” Wannan zai buɗe maka ƙofar duk sauran maganar.

Ba kowace wahala ake jimrewa ba, kuma aikin uba ne ya rarrabe. Zaman benci, shan kashi, kuskure a gaban jama'a, gajiyar atisaye, tsawar koci in a kan aiki ne, waɗannan su ne makarantar jimiri. Rauni da gajiyar da ta wuce kima magani suke bukata. Akwai kuma wadda ake ɗauke yaro daga cikinta ba tare da jiran ƙarshen kaka ba: koci mai duka ko zagin iyaye, mai mai da yaro abin dariya da gangan, mai tilasta wasa da rauni, mai son keɓewa da yaro shi kaɗai ko aika masa saƙonnin da ba ya son iyaye su gani, da mai cewa a rage shekaru a takarda. Manzo Bulus ɗin nan da ya sha bulala da kurkuku, shi ne aka zurarar cikin kwando ta kan garun Dimashƙu don ya tsira (Ayyukan Manzanni 9:25), shi ne kuma ya tsayar da masu shirin yi masa bulala da cewa shi ɗan ƙasar Roma ne (22:25). Daga abin da ka rubuta, matsalar ɗanka irin ta farko ce haɗe da ta biyu. Duk da haka ka tambaye shi a fili ko akwai wani abu daga cikin na ukun.

Yanzu ayar. Ka yi haƙuri da abin da za mu faɗa: ɗanka bai yi gardama da kai ba, lissafin da ka ba shi ya bi har ƙarshe. Ya ji cewa mai bi zai iya komai ta wurin Almasihu, ya fahimci “komai” ɗin ya haɗa da shiga sha ɗayan farko, ya roƙa, bai samu ba. Me ya rage masa? Ko dai Allah bai ji ba, ko kuwa shi ne bai isa ba. Gyaran yana cikin ayoyi biyun da suka gabata. Ku buɗe Filibiyawa 4, shi ya karanta daga 11 zuwa 13 da bakinsa, sa'an nan ka yi masa tambaya biyu: a ina marubucin yake, kuma waɗanne abubuwa ne ya ce yana iyawa? Zai gano da kansa cewa Bulus a tsare yake, kuma abin da ya ce ya koya shi ne zama cikin ƙoshi da cikin yunwa, cikin yalwa da cikin rashi. Bara ɗanka yana cikin yalwar, bana yana cikin rashin. Ayar tana maganarsa yanzu fiye da bara.

Batun addu'ar da ba a amsa ba, kada ka yi saurin kare Allah. Abubuwa biyu iyaye kan faɗa a nan, dukansu kuma suna ɓarna. Na farko, “bangaskiyarka ce ta yi kaɗan”, wanda ke ɗora wa yaro laifi a kan ciwo. Na biyu, “ka yi haƙuri, Allah zai mai da kai sha ɗayan farko”, alkawarin da Allah bai yi ba, kuma in mako takwas suka wuce yana benci, kai da Allah duka kun zama marasa cika magana a idonsa. Nuna masa 2 Korantiyawa 12:8-9, inda Bulus ya roƙa sau uku a ɗauke masa abin da ke damunsa, aka bar masa shi, aka ce alheri ya ishe shi. Nuna masa Ubangiji Yesu a Getsamani yana roƙon a ɗauke masa ƙoƙon wahala. Sai ku karanta Zabura 13. Aya shida ce kacal, kuma a biyun farko Dawuda ya tambayi Allah “har yaushe” sau huɗu. Yara da yawa ba su san an yarda a yi wa Allah irin wannan magana ba. Kada ka hana shi roƙon a saka shi wasa, ya ci gaba, amma ku ƙara a kai. Misali: “Ya Uba, ina so in buga, ka sani. In an saka ni, ka ba ni natsuwa. In ba a saka ni ba, ka kiyaye bakina da zuciyata.” Kafin fita wasa, minti ɗaya ya isa. Doguwar addu'ar da uba ke cusa wa'azi a cikinta, yaro yakan gane da shi ake.

Haka ma labaran jarumai, a ba da su har ƙarshe. Ana yawan ba yara labarin Eric Liddell, ɗan tseren Sikotlan da ya ƙi gudun mita 100 a gasar Olamfik ta Faris a 1924 saboda zagayen share fage ya faɗo ranar Lahadi, ya kuma ci zinariya a mita 400 cikin daƙiƙa 47.6. In aka tsaya nan, darasin ya zama “girmama Allah ka sha kofi”. Ci gaba da shi: a 1925 ya tafi Sin aikin bishara, sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien a 1943, yana koyar da yaran sansanin yana shirya musu wasanni, har ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya kashe shi a Fabrairun 1945 yana da shekara 43. Rabin nan na biyu shi ne yaron da ke benci ya fi bukata.

Romawa 5:3-4 ta jera abin: wahala tana haifar da jimiri, jimiri ya haifi ingantaccen hali, hali ya haifi bege. Amma kowa ya san yaran da wahala ta bar su da ɗacin rai kawai. A wurin yaro, wahala takan yi wannan aiki ne in ta zo daidai ƙarfinsa, in yana hango iyakarta, in yana da abin yi da hannunsa a cikinta, in kuma akwai wanda ke tsaye kusa da shi. Kamar ɗaga ƙarfe ne: nauyin da ya ɗan fi wanda aka saba yana gina jiki, wanda ya ninka shi yana tsinka jijiya. “Kirista ba ya ja da baya” nauyi ne marar iyaka. Mako takwas kuwa ɗan shekara 12 zai iya ɗauka.

Saboda haka shawararmu ita ce ya ƙarasa kakar, gwargwadon abin da likita ya yarda, bayan nan zaɓi ya koma hannunsa. Ku fara daidaitawa da mahaifiyarsa ku biyu, ba a gabansa ba, don in ya ga baraka tsakaninku ta nan zai bi. Ita ta samu tabbacin akwai ranar fita, kai ka samu cewa ba a tsakiyar fushi zai fita ba. Dalilin da za ka ba shi kada ya zama kuɗin da ka kashe ko abin da mutane za su ce. Dalilin shi ne ya ba ƙungiya kalmarsa a farkon kaka, Zabura 15:4 kuwa ta yabi mai cika alkawari ko da zai cutu. Ku sa alama a kalanda a ranar wasan ƙarshe, ku ƙara mako biyu na hutu, a ranar ne zai faɗi ko zai ci gaba. Sai dai fa ka tabbata da gaske kake. In ranar ta zo ya ce ya bari kai kuma ka sake sabon wa'azi, ka koya masa cewa alkawari na yara ne kawai.

Wannan zance kada ya zama ranar wasa, kada kuma ka zaunar da shi gabanka kamar mai amsa tuhuma. Ku fita tafiya kafaɗa da kafaɗa, ka tambaye shi, “A cikin abin nan duka, me ya fi yi maka ciwo? Bencin ne, ko maganar abokanka, ko koci, ko ganina a bakin fili?” Sai ka yi shiru, ka ƙirga goma a zuci kafin ka ƙara ko kalma. Amsar farko yawanci “ba komai” ce, ta gaskiyar tana bayanta. Kada ka yi mamaki in ta zama ta ƙarshen ce, wato ganinka a bakin fili.

Ka kuma gaya masa gaskiyar maganar jiki. A ƙungiyar 'yan ƙasa da 13, wanda aka haifa a farkon shekarar rajista ya girmi na ƙarshenta da kusan wata 12, ga kuma bambancin balaga: maza sukan yi tsawonsu mafi sauri wajen shekara 13 zuwa 14, amma wani ya riga da shekara biyu, wani ya makara da biyu. Kocin da ke neman cin wasan wannan mako, manyan zai ɗauka. Wannan ba hukunci ba ne a kan iyawar ɗanka, ba kuma tabbaci ba ne cewa in ya yi tsawo zai dawo. Abu ne da ba ya hannunsa, a ajiye shi gefe a kama wanda ke hannunsa.

Na farkon abin da ke hannunsa shi ne zuwa wurin koci, shi da kansa. Ɗan shekara 12 ya isa. Ku isa atisaye minti goma kafin lokaci, kai ka tsaya nesa inda zai hango ka, shi ya je ya gaisa ya ce, “Koci, waɗanne abubuwa biyu zan gyara don in ƙara samun lokacin wasa?” Ku gwada a gida sau biyu, kai ka zama kocin. In amsar ta zo a dunƙule, irin “ka ƙara ƙoƙari”, ya ce, “A fasin ne, ko a tsare ɗan wasa, ko a gudu?” Ya kuma sanar da shi abin da likita ya ce game da gwiwar. Inda abin ke lalacewa sananne ne: uba ya tare koci ana tashi daga wasa, rai a ɓace, ya ce me ya sa ba a saka ɗansa, ya kuma kawo sunan ɗan wani da yake ganin bai kai nasa ba. Daga nan koci kare kansa zai shiga yi, yaron kuma ya zama ɗan mutumin nan mai rigima. In har kai ma kana da magana da shi, bari awa 24 su wuce bayan wasa.

Abin da koci ya faɗa shi zai zama aikin gida, minti 15, sau uku a mako. Tunda fasin ce ta ba shi kunya kuma gwiwa ba ta son tsalle, bango da ƙwallo sun wadatar. Ya tsaya mita biyar daga bango, ya buga 50 da cikin ƙafar dama, 50 da hagu, sai 50 na tarewa da ƙafa ɗaya a buga da ɗayar. Bayan haka ka tsaya a bayansa kana ɗaga yatsu: ƙwallo na barin ƙafarsa ya waiga, ya faɗi yatsu nawa ka ɗaga, kafin ta dawo. Yawancin fasin da ɗan tsakiya ke bai wa abokin hamayya daga rashin waige ne kafin ƙwallo ta iso, sai ya karɓa bai san wa ke bayansa ba, ya buga a firgice. A ƙarshe a sa agogo na daƙiƙa 60, ya rubuta a littafi fasin nawa ya yi ba tare da ƙwallo ta kuɓuce ba. Littafin nan yana da amfani fiye da yadda ake zato, don shi ne shaidar ci gaba da ba ta jiran koci ya gani. Amma kada ka ƙara a kan haka. Ma'aunin da likitocin yara 'yan wasa ke bayarwa shi ne awoyin atisaye da wasa a mako kada su wuce yawan shekarun yaro, a bar masa kwana ɗaya ko biyu ba ƙwallo, ya kuma samu barcin awa 9 zuwa 12. Zafin nema ba ya kawo samu.

Bencin kansa a ba shi aiki a kai. Ya sa ido kan wanda ke buga gurbinsa da wanda ke tsare shi: wace ƙafa abokin hamayyar ya fi amfani da ita, ta wane gefe yake juyawa. Ya riƙa tashi yana ɗumama jiki duk bayan minti 15, don yaron da ya yi minti 50 a zaune aka jefa shi fili da sanyin jiki, kuskure na jiransa. In ya shiga, fasin ɗin farko ta zama gajera, zuwa ga wanda ya fi kusa. Mafi wuyar duka shi ne Romawa 12:15, yin murna da masu murna, in wanda ya karɓe masa gurbi ne ya ci ƙwallo. Ka ce ya tashi ya tafa ko da zuciyar ba ta so, ya kuma riƙa ambatar yaron da sunansa cikin addu'a. Makon farko da ƙyar zai fito daga bakinsa, ba laifi.

Kuskuren da ya jawo aka ci su kuwa, akwai abin da yaran gidajen masu bi ke yawan rikitawa: kuskure daban, zunubi daban. Fasin da ta ɓace ba ta bukatar tuba, Allah bai yi fushi da ita ba. Zagin alƙalin wasa, taka ƙafar wani da gangan, faɗuwar ƙarya don a ba da fenariti, su ne ke bukatar tuba, ko da an ci wasan da su. Yaron da bai rarrabe ba yakan ɗauki kowane shan kashi a matsayin horon Allah. Ga abokansa, jimla ɗaya ta isa a atisaye na gaba: “Laifina ne, zan gyara.” Kada ya ƙara bayani, kada ya maimaita. A cikin fili kuma ya samu abin yi na daƙiƙa biyar bayan kowane kuskure: dogon numfashi ɗaya, ya ce a ransa “na gaba”, ya ruga ya koma gurbinsa. Ƙwallo ta biyu takan shiga ne a lokacin da mai kuskure ke tsaye hannu a ka. In yana son misali, ga Bukayo Saka, ɗan wasan Ingila, wanda ke faɗa a fili cewa yana karanta Littafi Mai Tsarki. Yana ɗan shekara 19 golan Italiya ya tare masa fenariti na ƙarshe a wasan ƙarshe na gasar Turai a Wembley ranar 11 ga Yuli 2021, ya sha zagin wariyar launin fata. Bayan nan ya ci wasu ya ɓarar da wasu, a 2024 kuma ya sake fitowa ya buga wa Ingila a bugun fenariti da Suwizalan, ta shiga.

Saura kai, ɗan'uwa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kolosiyawa 3:21 da ubanni take, ta ce kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Tambayi kanka: da ka gan shi a benci, don shi kake jin zafi, ko don sauran iyayen da ke gefenka? Ka riƙa zuwa wasan ko ka san ba za a saka shi ba, domin in sai yana bugawa kake zuwa, ya gane abin da ke kawo ka. A bakin fili ka tafa, kada ka ba da umarni. Yaron da koci ke ce wa tsaya, uba na ce masa tafi, ba zai yi ko ɗaya daidai ba. A hanyar komawa gida kada a yi bitar wasa. “Na ji daɗin ganinka yau” ta isa, sai ka tambaye shi ko yana jin yunwa. In shi ya ɗauko maganar, ka saurara. In bai ɗauko ba, gobe ma rana ce. Fuskarka ranar da ya ci ƙwallo da ranar da ya jawo aka ci su ta zama ɗaya. Ana gaya masa a majami'a cewa ƙaunar Allah ba ta hawa da sauka bisa ga ƙoƙarinsa, amma a fuskarka zai duba ko hakan na yiwuwa. Ka kuma yabi abin da kake son ya ɗore, da sunansa: “Na ga ka tashi ka tafa wa abokinka”, “Na ga ka koma gurbinka da gudu bayan ƙwallo ta kuɓuce maka.”

In ranar ta zo ya ce ya bari, barin ƙwallo ba barin bangaskiya ba ne. 1 Timoti 4:8 ta ce horon jiki yana da ɗan amfani, ba ta ce shi ne duka ba. Markus ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya a Bamfiliya, har Bulus ya ƙi sake ɗaukarsa (Ayyukan Manzanni 15:38), amma a 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin ne ke cewa a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Abin da za ka tsaya a kai shi ne yadda zai fita: ya je da ƙafarsa ya gaya wa koci, ya gode masa, ya mai da rigar ƙungiya, ya yi sallama da abokansa, ya kuma zaɓi wani abin da zai riƙa motsa jiki da shi.

Abu ɗaya ne ke soke yarjejeniyar mako takwas ban da rauni da mugun koci irin wanda muka ambata. In ka ga ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci sosai, ba ya cin abinci, ya janye daga abokai, karatunsa ya faɗi, ko yana cewa shi ba shi da amfani, to abin ya wuce ƙwallo. A dakatar, a ga likita, a kuma sanar da fasto ko malamin da yaron ya amince da shi. Da Iliya ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa (1 Sarakuna 19), abinci da barci aka fara ba shi kafin a yi masa wata magana.

In ba haka ba, ka sa ran wajen mako na uku ko na huɗu wata rana zai ce ba zai je atisaye ba, don a lokacin ɗokin sabon shiri ya wuce, sakamako kuma bai fito ba. Kada ka ɗauko aya, kada ka ɗaga murya. Tambaye shi makin gwiwar. In ya haura 3, ku je tare ya gaya wa koci, ya zauna ya kalla ko ya taimaka da kwasar ƙwallaye. In bai haura ba, nuna masa kalandar, ka ce, “Saura mako kaza, ɗauko takalmanka, ni zan raka ka.” In ya tafi yana ƙunƙuni har bakin fili, ƙyale shi da ƙunƙuninsa, zuwan kawai kuka yi alkawari a kai.